Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Wakilai Kan Patricia Etteh da Kujerun Mata

Mai girma Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, Alhaji Tajuddeen Abbas, Iyan Zazzau, da sauran masu girma 'yan majalisa, assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaishe ku gaisuwar ban girma, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin matan da ke aikin siyasa a matakin mazaɓa da ƙaramar hukuma a Arewacin ƙasar nan, wato shugabannin mata na jam'iyyu daban-daban, da masu bi gida-gida suna fito da mata karɓar katin zaɓe, da wakilan rumfa da ke tsayawa har a ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe, da kuma 'yan ƙalilan daga cikinmu da suka taɓa yankar fom suka nemi kujera. Jam'iyyunmu sun bambanta, amma wannan damuwa ta haɗa mu. Tun da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman ya tsallake karatu na biyu a zaurenku a 2024, duk inda aka zauna ana muhawara a kansa, a gidan rediyo ne ko a majalisar unguwa, sai an jefo mana sunan Patricia Etteh, a ce ai an taɓa ba mace shugabancin majalisa, kowa ya ga yadda ta kaya. Majalisar Wakilai ce ta ɗora ta a kan kujerar, ita ce ta matsa mata lamba har ta sauka, ita ce kuma daga baya ta ce ba ta taɓa kama ta da laifi ba. Saboda haka alhakin gyara yadda ake ba da wannan labari yana wuyanku, kuma shekara da shekaru ke nan majalisa ta yi shiru a kai.

Da yawa daga cikinku ba ku cikin majalisa a wancan lokaci, don haka ya kamata mu tuna ko wace ce wannan mata. An haifi Patricia Olubunmi Etteh a 1953, mutuniyar Ikire ce a Jihar Osun, kuma sana'ar gyaran gashi da kwalliya ta koya, da ita ta tsaya da ƙafafunta kafin ta shiga siyasa. A 1999, lokacin da aka dawo mulkin farar hula, jama'ar mazaɓar Ayedaade, Irewole da Isokan suka zaɓe ta a ƙarƙashin jam'iyyar AD. Ta sake cin zaɓe a 2003 bayan ta koma PDP, ta kuma ci a karo na uku a 2007. Duk wanda ya san yadda ake zubar da 'yan majalisa a kowane zaɓe ya san cewa dawowa sau uku a jere ba ƙaramin aiki ba ne ko ga namiji mai gidan rana. A watan Yunin 2007, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana shugaban ƙasa, Goodluck Jonathan yana mataimaki, David Mark ya zama shugaban Majalisar Dattawa, sai jam'iyya mai mulki ta ware kujerar Kakaki ga shiyyar Kudu maso Yamma. Aka zaɓi Etteh ba hamayya, aka ba ta Babangida Nguroje na Jihar Taraba a matsayin mataimaki, ta zama ta huɗu a jerin shugabannin ƙasa. Kafin ita babu macen da ta taɓa riƙe wannan kujera, bayanta ma har yau babu.

Ba ta cika wata biyar a kan kujerar ba. Tun kafin majalisar ta gama daidaita zamanta, magana ta fito cewa an amince da kashe naira miliyan 628 wajen gyaran gidan Kakaki da na mataimakinta da kuma sayen motoci. Wani rukunin 'yan majalisa da suka kira kansu masu kare mutunci, ƙarƙashin jagorancin Farouk Lawan na Jihar Kano, suka tashi tsaye sai ta sauka. Aka kafa kwamitin bincike wanda David Idoko ya shugabanta, kwamitin ya ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da kwangilolin. Rikici ya yi tsanani har 'yan majalisa suka ba hammata iska a gaban kyamara, kuma ranar 17 ga Oktoba, ana tsakiyar hayaniya a zauren, Dokta Aminu Safana na Jihar Katsina, wanda yake cikin masu goyon bayanta, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar 30 ga Oktoba Etteh da Nguroje suka yi murabus, ranar 1 ga Nuwamba aka zaɓi Dimeji Bankole.

Ranka ya daɗe, ba mu zo wanke kowa ba. Miliyan 628 kuɗi ne masu nauyi a shekarar da mafi ƙarancin albashi bai kai naira dubu goma ba, kuma shugaban da aka ba da kwangila a ƙarƙashinsa ba bisa ƙa'ida ba, dole ya amsa tambaya, mace ce ko namiji. Mun kuma san cewa a 2022 hukumar EFCC ta tsare ta domin bincike kan wata kwangila dabam, wannan kuwa magana ce tsakaninta da hukuma. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kwangila a majalisa tana bi ta teburin ma'aikata da na sauran shugabanni kafin ta fita, amma sunan mutum ɗaya kaɗai ya maƙale a bakin jama'a, kuma daga kanta aka shafa wa dukkan mata baƙin fenti.

Ƙorafinmu na farko shi ne, kun bar labarin a tsakiya. A zamanta na ƙarshe a 2011, Majalisar Wakilai ta shida, wato wadda aka yi rikicin a cikinta, ta bayyana cewa babu wani wuri a kundin ayyukanta da ya nuna an taɓa samun Patricia Etteh da laifi. An yi wannan magana ce a ranar ban kwana, bayan kusan shekara huɗu, lokacin da hankalin 'yan jarida ya koma kan sabuwar majalisa da wanda zai shugabance ta. Zargin ya yi makonni yana kan shafin farko na jaridu, ana fassara shi da Hausa safe da yamma a rediyo, matsayar da majalisa ta ɗauka daga baya kuwa ta wuce a rana ɗaya. Sakamakon haka, matashin da ya tashi yau, idan ma ya san sunanta, abin da ya sani shi ne wata mata ce da ta ci kuɗin gyaran gida aka kore ta. Idan kwamitin Idoko ya yi daidai, to jama'a su ga abin da ya gano dalla-dalla, da sunan duk wanda takardun suka bi ta hannunsa. Idan kuma matsayar 2011 ce ta ƙarshe, to a faɗe ta da ƙarfin da aka faɗi zargin. Barin maganganun biyu suna rataye ya cutar da ita, ya kuma cutar da matan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mana ciwo, shi ne mudu biyu da ake aunawa da su. Kakakin farko na wannan jamhuriya, Salisu Buhari, bai cika wata biyu ba ya yi murabus a 1999, bayan an gano takardar digirinsa ta jami'ar Toronto ta bogi ce, shekarunsa ma ya ƙara. Kotu ta same shi da laifi, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. A Majalisar Dattawa an tsige Evan Enwerem a 1999, an tsige Chuba Okadigbo a 2000 kan zargin da ya shafi kwangiloli, Adolphus Wabara kuma ya sauka a 2005 kan zargin karɓar na goro domin kasafin kuɗin ma'aikatar ilimi. Bankole da ya gaji Etteh, yana barin kujera a 2011 EFCC ta kama shi, ko da yake kotu ta sallame shi daga baya. Shi kansa Farouk Lawan da ya jagoranci neman saukarta, kotu ta ɗaure shi a 2021 kan karɓar dala 500,000 a lokacin binciken tallafin man fetur, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin ɗaurin shekara biyar a 2024. Ba mu kawo waɗannan sunaye don tonon asiri ba, duk abubuwa ne da aka yi a bainar jama'a. Mun kawo su ne domin a cikin duk waɗannan shekaru babu wanda ya taɓa tashi ya ce an gwada maza an ga yadda ta kaya, don haka a huta da su. Namiji idan ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, washegari a ɗora wani namijin. Mace ɗaya ta sauka a 2007, ga shi har yau ana karɓar bashin a hannun 'yar takarar kansila da ba a ma haife ta ba lokacin da Etteh ta fara shiga majalisa.

Na ga wannan da idona a wani zaɓen fid da gwani na ɗan majalisar jiha a ƙaramar hukumarmu. Wata malamar asibiti da ta yi ritaya, wadda kusan babu gidan da ba ta karɓi haihuwa a cikinsa ba, ta fito takara, mata suka yi mata karo-karo, wasu da kuɗin adashinsu, aka buga fosta aka ɗauki hayar motocin kai daliget. Ana gobe zaɓe, bayan sallar isha'i da daɗewa, aka kira taron masu ruwa da tsaki a gidan wani babba, a lokacin da aka san matar aure ba za ta iya fitowa ba sai da rakiya. Ta je da ƙaninta, ni ma na bi ta a matsayina na shugabar mata. Aka shimfiɗa mana tabarma a bakin ƙofa, maza suna kan kujeru a ciki. Wani dattijo ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri ki janye wa ɗan'uwanki, ke fom ɗin ma kyauta aka ba ki, shi kuwa kuɗinsa ya zuba." Da ta ce ita jama'a ne suka turo ta, sai wani daga gefe ya ce, "Ai ko a Abuja an gwada, wata biyar ba ta yi ba." Ta naɗe takardunta ta sa a jaka, ba ta ƙara cewa komai ba. Da safe aka sanar cewa an yi maslaha. Wanda ya yi waccan magana bai san sunan kwamitin Idoko ba, bai san matsayar 2011 ba, rabin labarin da majalisarku ta bari yana yawo shi ya ɗauka ya rufe bakin mace mai mutunci da shi.

Na uku shi ne rainin sana'a. Tun ranar da aka zaɓi Etteh, kafin a ji ko da ƙishin-ƙishin na kwangila, wasu suka fara cewa yaya za a ɗauki mai kitso a ba ta majalisa. An yi ta zane-zanen barkwanci da ita, ana bin turancinta ana tsintar kuskure, ba mu kuma ji majalisar da ta zaɓe ta ba hamayya ta fito ta tsawatar ba. Kundin tsarin mulki bai nemi ɗan majalisa ya wuce matakin sakandare ba, kuma zaurenku ya sha ganin 'yan kasuwa da dillalai da direbobi na da, babu wanda ya goranta musu. Abin lura ma shi ne, mace ta farko da aka zaɓa sanata a ƙasar nan, Franca Afegbua, wadda ta ci zaɓe a tsohuwar Jihar Bendel a 1983, ita ma daga sana'ar gyaran gashi ta fito, kuma wata uku kawai ta yi kafin juyin mulkin 31 ga Disamba ya rushe majalisar. Ba mamaki a haka, domin macen da ba ta gaji dukiya ba, ba ta kuma auri mai mulki ba, ta irin wannan sana'a take samun kuɗin kanta, a shagonta kuma take sanin matan gari da damuwarsu. A wajenmu nan masu kitso da masu lalle da teloli da masu sayar da abinci su ne ƙashin bayan kowace tafiyar siyasa ta mata. Idan aka yi wa Kakakin Majalisa dariya saboda ta taɓa gyara gashi, to an gaya wa duk waɗannan cewa iyakarsu tafi da guɗa. Ita Etteh ba ta zauna tana kuka ba. Bayan ta bar majalisa ta tafi Ingila ta karanta shari'a a Jami'ar Buckingham, aka rantsar da ita lauya a Najeriya a 2016 tana da shekara sittin da 'yan kai. Wannan ɓangare na rayuwarta, wanda ya dace a gaya wa kowace yarinya da aka cire daga makaranta, kusan ba a ambatonsa.

Na huɗu, ƙofar da ta buɗe an mayar da ita an rufe. A 2011 jam'iyya mai mulki ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola, lauya daga Ogbomoso wadda ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da ita da ƙuri'a 252, ita tana da 90. Mun yarda cewa a wancan zaɓe 'yan majalisa suna neman nuna cewa ba za a yi musu ɗauki-ɗora daga fadar shugaban ƙasa ba, kuma an ba ta shugabancin masu rinjaye, ita ce mace ta farko da ta riƙe shi. Amma tun daga nan babu macen da ta sake kusantar kujerar Kakaki ko ta mataimakinsa. A jihohi ma, Margaret Icheen da ta fara shugabantar majalisar Binuwai a 1999 murabus ta yi a 2002, Mojisola Meranda kuwa kwana 49 ta yi a Legas a 2025, ko da yake Monsurat Sunmonu ta kammala shekara huɗunta a Oyo, abin da ke nuna cewa inda aka bar mace ta yi aiki, tana yi.

Adadin ma baya yake ci. A 2007 mata 9 ne a Majalisar Dattawa, a majalisa ta goma da aka zaɓa a 2023 kuwa 4 ne cikin 109, a zaurenku kuma ba su kai 20 ba cikin 360. Zaɓen 2023 ya bar majalisun dokoki na Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara babu mace ko ɗaya, har ya zama kwamitin harkokin mata namiji ne ke shugabantarsa, maza ne mambobinsa. Waɗannan su ne jihohin da layin mata ya fi tsawo ranar zaɓe, mata da goyo a baya tun hantsi har la'asar. Illar wannan rashi a bayyane take. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma abin ya fi muni a shiyyoyinmu na Arewa. Dokar kare haƙƙin yara da Majalisar Tarayya ta yi a 2003 sai da ta yi kusan shekara 20 kafin wasu jihohinmu su yi tasu. Ba mu ce maza ba su damu ba, a cikinku akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, muna kuma gode musu. Amma lokacin da ake rabon kasafin kuɗi a kwamiti, ana zaɓe tsakanin gadar sama da ɗakin haihuwa mai jini da wuta da ungozoma a cikin dare, akwai bambanci idan a teburin akwai wadda ta taɓa kwana a irin wannan ɗaki.

Ba mu manta da ranar 1 ga Maris 2022 ba. A ranar ce Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran kundin tsarin mulki: na kujeru na musamman, da na kaso 35 cikin ɗari a shugabancin jam'iyyu, da na kason mata a cikin ministoci da kwamishinoni, da na ba mijin 'yar Najeriya ɗan wata ƙasa damar zama ɗan ƙasa, da na ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. A zaurenku mutum 81 suka goyi bayan kujerun, 208 suka ƙi, duk da cewa uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Hajiya Aisha Buhari, ta zo majalisa da kanta kwanaki kaɗan kafin haka domin nuna goyon baya. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, har ranar 8 ga Maris majalisarku ta ce ta janye matsayarta a kan uku daga cikin ƙudurorin, amma wa'adin majalisa ta tara ya ƙare babu ko ɗaya da ya shiga kundin.

Darasin da muka ɗauka daga rayuwar Etteh ya sha bamban da wanda ake jifanmu da shi. Ta hau kujerar Kakaki ne a zauren da mata ba su kai 30 ba cikin 360, da goyon bayan manyan jam'iyya waɗanda tasirinsu ya fara raguwa tun da aka sauya gwamnati. Da rikici ya taso, babu wani rukuni mai kauri na mata da zai tsaya ya ce a bi ƙa'ida, a karanta rahoto, a hukunta mai laifi gwargwadon laifinsa, kuma da ta sauka babu wasu mata masu daɗewa a majalisa da yawa da za a duba a ce ga wata. Mace ɗaya tilo a sama tana ɗauke da sunan dukkan mata a kanta, kuskurenta na kowa ne, nasararta kuwa a ce sa'a ce. Maganin wannan shi ne yawa, yadda za a sami ƙwararru da matsakaita da ma waɗanda za su gaza, kamar yadda ake samu a cikin maza, ba tare da gazawar ɗaya ta zama hukunci a kan saura ba.

Masu cewa wannan tsari bai dace da addininmu da al'adarmu ba, muna roƙonsu su leƙa maƙwabta. Jamhuriyar Nijar, inda yarenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, ta kafa dokar kason mata tun 2000, ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 15 a 2014, ta kai 25 a 2019, kuma matan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun zauna a majalisar dokoki a Yamai babu abin da ya taɓa addininsu. Senegal ta yi dokar raba daidai a 2010. Pakistan ta ware wa mata kujeru 60 a majalisarta, Fehmida Mirza kuma ta shugabance ta daga 2008 zuwa 2013. A Ghana, Joyce Bamford-Addo ta hau kujerar Kakaki a 2009, shekara biyu bayan Etteh, ta kuma kammala wa'adinta lafiya. Mai girma Kakaki, a mazaɓarka ta Zariya akwai asibitin da ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU saboda ta ce matan Arewa su ma su jefa ƙuri'a, abin da ba mu samu ba sai a 1976. Hujjojin da aka kawo mata a wancan zamani su ne ake kawo mana yanzu, kuma babu ɗan siyasar Arewa da zai yarda yau a hana matan mazaɓarsa zaɓe.

Saboda haka muna neman abubuwa kamar haka daga gare ku. Muna roƙon majalisa ta umarci akawunta ya fitar da cikakken rahoton kwamitin Idoko tare da matsayar 2011, a sa su a shafin majalisa na intanet, a fassara taƙaitaccen bayaninsu da Hausa da Yarabanci da Ibo, domin duk mai son ambaton Etteh ya ambace ta da cikakken labari. Muna roƙon a gayyace ta, tana da rai da lafiyarta, ita da Mulikat Akande-Adeola da sauran matan da suka riƙe shugabanci a majalisun ƙasar nan, su ba da tarihin abin da suka gani da bakinsu, a adana shi a ɗakin karatu na Majalisar Tarayya, mai daɗi da marar daɗi.

Game da ƙudurin kujerun mata, wanda ya tanadi ƙarin kujera ɗaya ga kowace jiha da Abuja a kowane zaure na tarayya, da kujeru uku a kowace majalisar jiha, mun san gyaran kundin tsarin mulki yana bukatar mutum 240 a zaurenku, da kashi biyu cikin uku na sanatoci, da amincewar majalisun jihohi 24. Muna neman duk ƙuri'ar da za a kaɗa a kansa a wallafa ta suna bayan suna, kowa da mazaɓarsa, domin mu da ke bi gida-gida mu san abin da za mu gaya wa mata idan lokacin neman ƙuri'a ya zo. Muna kuma roƙon Kakaki ya yi amfani da girmansa wajen shugabannin majalisun jihohin Arewa da gwamnoninsu, domin a nan ne ƙudurin zai fi fuskantar turjiya, kuma maganar Iyan Zazzau tana da nauyin da tamu ba ta da shi a waɗannan zaurukan. Masu kukan tsadar ƙarin kujeru 74 a tarayya suna da hujjar da ta cancanci amsa, amsar kuwa tana hannunku: ku rage wani abu daga kuɗin motoci da alawus na majalisa, ku nuna wa jama'a lissafin.

Akwai tsoron da mu kanmu muke da shi, ba za mu ɓoye ba. Idan aka ware kujerun aka bar yadda ake fid da 'yan takara a yadda yake, za su koma rabon gado tsakanin matan manya da 'ya'yansu, a sake samun mata da aka ɗora daga sama, waɗanda za su faɗi ranar da mai ɗora su ya faɗi. Don haka muna neman a sa a dokar zaɓe cewa takarar waɗannan kujeru sai ta hanyar zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe a gaban jami'an hukumar zaɓe, da rana tsaka, kuma duk wadda aka ce ta janye, ta bayyana da kanta a ofishin hukumar ta sa hannu, kada a karɓi takardar maslaha da aka rubuta a madadinta.

A ƙarshe, akwai abin da ba ya jiran sanatoci ko jihohi ko sa hannun shugaban ƙasa. Dokokin zaman majalisa naku ne, ku kuke gyara su. Muna roƙon ku sa a cikinsu cewa daga majalisa mai zuwa, a cikin shugabannin zaure na ɓangaren masu rinjaye da na marasa rinjaye dole a sami mace a kowane ɓangare, kuma a riƙa ba mata shugabancin kwamitoci masu nauyi irin na kasafin kuɗi da lafiya da ilimi da tsaro, domin a irin waɗannan kujeru ne ake koyon aikin da ke kai mutum ga kujerar Kakaki. Muna sa ran samun amsar waɗannan buƙatu a zauren majalisa, inda za a rubuta ta a kundi.

Allah ya ƙara wa Kakaki lafiya, ya yi muku jagora.

Taku cikin girmamawa,
Wata tsohuwar shugabar mata ta ƙaramar hukuma, a madadin 'yan'uwanta mata masu aikin siyasa a mazaɓun Arewa.